Na bar tuwo da shinkafa, ciki ya ɗaure: ina zan samo harza a tsarin keto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 46. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, bai dai kai ciwon suga ba tukuna, ga kuma ƙiba. Wata biyu ke nan da na shiga tsarin keto: ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba wake, ba 'ya'yan itace. Ƙwai da nama da kifi nake ci, sai ɗan latas da kokwamba. Nauyi ya ragu, alhamdu lillahi, amma sai in yi kwana uku ko huɗu ban zaga ba, in na je ma da ƙyar, har basir ɗin da na manta da shi ya dawo. An ce harza ce ta yi mini ƙaranci. Yaya zan yi in samu isasshiya ba tare da na koma wa sitaci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara lafiya. Wanda ya ce miki harza ce ta yi ƙaranci ya faɗi gaskiya, kuma abincin da kika lissafa ya isa shaida. Nama da kifi da ƙwai da mai, ko ƙwayar harza babu a cikinsu. Latas da kokwamba kuwa kusan ruwa ne zalla. Giram 100 na kokwamba rabin giram kawai na harza yake bayarwa, latas kuma giram ɗaya da 'yan kai. In haka kike ci kullum, da wuya ki kai giram 5 a yini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 25 daga abinci. A Ingila ma giram 30 suka ƙayyade tun 2015. Kin ga tazarar da ke tsakani.

Harza, ko faiba kamar yadda ake ji a asibiti, ita ce ɓangaren tsiro da hanjinmu ba ya iya narkarwa. A lissafin masana abinci tana cikin dangin kabohaidiret, tare da sitaci da sukari, kuma nan ne masu keto da yawa suke ruɗewa, su kore ta tare da 'yan'uwanta. Amma ita ba ta komawa sukari a jini. Wucewa take yi har babban hanji. Shi ya sa lissafin da ya shafe ki shi ne abin da ya rage bayan an cire harza daga jimlar kabohaidiret. Ɗauki fiya: giram 100 nata yana da kabohaidiret wajen giram 8 da rabi, amma kusan 7 daga ciki harza ce, abin da zai taɓa sukarinki bai kai giram 2 ba. In kina sayen kayan gwangwani ko na leda, ki lura da inda suka fito. Takardar kayan Amurka tana haɗa harza a cikin jimlar kabohaidiret, sai ke ki cire da kanki. Ta Ingila da Turai kuwa an riga an cire, in kika sake cirewa kin yaudari lissafinki.

Kafin in shiga maganar abinci, ki sani ba harza kaɗai ta ɗaure miki ciki ba. Da zarar mutum ya yanke sitaci, jiki yana ƙone ajiyar sukarin da ke hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram 3, duk sai ya fita ta fitsari. Insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, shi ma yana sauka, ƙoda ta riƙa sakin gishiri, ruwa ya bi shi. Mafi yawan nauyin da ake gani ya zube a makon farko wannan ruwan ne. To babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya iso masa, in jiki yana ƙishi sai ya tsotse fiye da kima, bayan gida ya fito a bushe, gutsi-gutsi kamar na awaki. Ga zafin ƙasarmu a watan Maris da Afrilu, ga azumi in ya zo. Harzar da aka ƙara ba tare da ruwa ba tana iya ƙara cushe ciki. Saboda haka ki ajiye gora mai lita ɗaya da rabi a inda idonki zai riƙa ganinta, ki shanye ta ki ƙara, ki kuma duba launin fitsari: in ya yi ja, ruwan bai isa ba. Kada ki guji gishiri a miya, sai fa in kina da hawan jini ko ciwon ƙoda, wannan maganar likitanki ce.

Ki kuma san cewa raguwar yawan zagawa kaɗai ba ciwo ba ce. Wanda ya rage cin abinci mai saura, dole abin da zai fita ya ragu. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk ana ɗaukarsa daidai, matuƙar yana fita da laushi ba yunƙuri. Naki kuwa da ƙyar yake fita, har ya tayar da basir, don haka yana buƙatar gyara.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. A abincin Bahaushe, sitaci yana cikin tuwo ne, harza mai ƙarancin sitaci kuma tana cikin miya. Da kika bar tuwo sai kika bar miyar tare da shi, kika koma ƙwai da latas irin na hotunan intanet. Waɗanda suka rubuta yawancin jadawalin keto suna lissafa burokoli da almon da 'ya'yan chiya ne saboda su ne a kasuwarsu. Ke kuwa kina da kuɓewa, da kuka, da karkashi, da lalo, da rama, da yakuwa, da alayyahu, da zogale, da gauta da yalo, da riɗi da gyaɗa da agushi. Miyar za ki dawo da ita, ki mayar da ita ita ce abincin, ki ci ta cikin kwano da cokali, da kifinta ko namanta.

Kuɓewa zan fara ambata domin a ganina ita ce ta fi dacewa da matsalarki. Giram 100 na ɗanyar kuɓewa yana da harza wajen giram 3, abin da ya rage na kabohaidiret kuma wajen giram 4. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yauƙin nan. Yauƙi harza ce mai jiƙewa, tana kama ruwa ta riƙe shi har cikin babban hanji, bayan gida ya yi laushi ya zame. Irin wannan harza mai kauri tana kuma rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci, kin ga ta yi miki aiki biyu. Kuka da karkashi da lalo duk gidansu ɗaya a wannan fanni. Sai dai yadda muka saba kaɗa miya tsululu, cokali biyu na kuka a tukunyar mutum goma, ba zai kai ki ko'ina ba. Ki ɗebi taki daban a ƙaramar tukunya. In ɗanyar kuɓewa ce, ki yanka kamar guda goma sha biyar zuwa ashirin ke kaɗai, wajen giram 200 ke nan, ki sa daddawa da kifi da ɗan manja, ruwa kaɗan, ta yi kauri har cokali ya tsaya. Wannan kwanon kaɗai ya ba ki giram 6. Busasshiyar kuɓewa ma ba ta rasa harzarta ba, ruwa ne kawai ya fita, kuma tun da kusan kashi 90 cikin 100 na kuɓewa ruwa ne, garinta kaɗan yana tsayawa a madadin ɗanya mai yawa.

Ganyaye irin su alayyahu da zogale da lalo, in an dafa, suna ba da wajen giram 2 a kowane giram 100. Lambar ba ta da girma, shi ya sa yawa ne yake aiki. Ɗaurin alayyahu da ya cika roba, in ya ji wuta sai ya koma bai fi tafin hannu biyu ba, kuma wannan duka na mutum ɗaya ne. Kwaɗo ya fi kowace hanya sauƙin cin ganye da yawa: dafaffen zogale ko rama, a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa kaɗan da tumatir da attaruhu, a zuba man gyaɗa. Abu biyu za ki kiyaye. Kada a barbaɗa garin rogo kamar yadda wasu suke yi, kuma ki san ƙulin da kike saye, domin akwai masu sa sukari ko su haɗa da gari don ya yi auki. Dambun zogale kuwa tsakin masara ne ko na shinkafa, ba ya cikin lissafinki.

Kabeji yana da giram 2 da rabi a giram 100, ya ninka latas, ga araha ga daɗewa bai lalace ba. Yalo da gauta suna wajen giram 3. In kina samun kayan lambun Jos, farin kabeji da burokoli duk suna tsakanin giram 2 da 3, amma ba su fi kuɓewa ba, kada tsadarsu ta sa ki ɗauka sun fi ta. Kabewa ce take ba mutane mamaki: harzarta kaɗan ce ƙwarai, wajen rabin giram, don haka in za ki yi taushe ki rage kabewar ki cika ganye da gyaɗa.

Sai dangin mai. Riɗi yana da harza kusan giram 12 a giram 100, gyaɗa 8 da rabi, ɗanyen naman kwakwa 9. Cikin tafin hannu na gyaɗa, giram 30, zai ba ki giram 2 da rabi. Riɗi a soya shi sama-sama a daka, domin in an haɗiye shi da ƙwayarsa yakan fita yadda ya shiga, a riƙa zuba cokali biyu a miya ko a kwaɗo. Kantu dai kin san da sukari ake yinsa. Gyaɗa kuma a auna a ƙaramin kofi a rufe sauran, domin mai son rage ƙiba da ya zauna da kwalbar gyaɗa a gaba zai ga nauyi ya tsaya cak. Fiya ita ce ta fi kowa a cikin 'ya'yan itace ga mai irin tsarinki, rabin babba ɗaya ya kusa giram 7.

Akwai waɗanda za a ce miki suna da harza, kuma da gaske suna da ita, amma sun zo da sukari ko sitaci mai yawa: dabino, goruba, aya, tsamiya, da garin ƙwallon kuka. Aya ta fi ba ni takaici, domin in an yi kununta, dusar da ake tacewa a zuba wa dabbobi ita ce harzar, abin da aka sha kuma sitaci ne da sukari, an ƙara da dabino. Haka duk wani ganye ko ɗan itace da aka markaɗa aka tace. Zoɓo marar sukari ruwa ne mai kyau, ki sha, amma kada ki lissafa shi cikin harza.

Bari mu gwada yini guda mu gani. Da safe ƙwai biyu da aka soya da kabeji giram 150, da rabin fiya: harza wajen giram 10. Da rana kwaɗon ganye giram 200 da ƙuli da nama ko kifi: wajen giram 7. Da dare miyar kuɓewar nan mai kauri, giram 6, da tuwon kabeji. Shi wannan tuwon, a markaɗa kabeji, a matse ruwan a ƙyalle mai tsabta sosai, a ɗora a wuta ana tuƙawa, a barbaɗa babban cokali ɗaya na garin siliyam, wata harza ta saye da zan yi bayaninta a gaba, har ya haɗe ya yi danƙo. Kabejin giram 200 da siliyam ɗin za su ba ki kusan giram 9. Jimla kin haura giram 30 ba tare da ƙwayar hatsi ba. Amma in kika lissafa kabohaidiret ɗin da ya rage, har da albasa da tumatir ɗin miya, za ki same shi tsakanin giram 35 da 40, ba 20 ɗin da masu tsananta keto suke tsayawa a kai ba.

Wannan ya kawo ni ga ra'ayina, kuma zan faɗe shi a fili. Keto ana lissafa shi ne daga giram 20 zuwa 50 na kabohaidiret a yini. Tsananin nan na ƙasa-ƙasa asalinsa magani ne: a 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi don masu farfaɗiya, kuma har yau yaran da ake yi wa shi suna ƙarƙashin kulawar asibiti, taurin bayan gida kuma yana cikin matsalolin da aka fi gani a tare da su. Ke ba farfaɗiya kike magani ba. Mace mai shekara 46 da sukarinta ya fara hawa, ban ga abin da za ta samu a giram 20 wanda ba za ta samu a giram 40 ko 50 ba, in dai ƙarin daga ganye da kuɓewa da gyaɗa ya fito. A wannan matakin ma har ludayi ɗaya na dafaffen wake yana iya shiga wani lokaci: giram 100 nasa yana da harza wajen giram 6 da rabi, da ragowar kabohaidiret wajen 14. In kina da na'urar gwajin sukari a gida, ki gwada kafin ci da kuma awa biyu bayan ci, jikinki zai gaya miki ko ya karɓa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan ya wuce maganar zagawa. Wani kaso na harza abincin ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne da ke zaune a babban hanji. Suna ruɓar da ita su samar da wasu sinadarai, daga ciki akwai butiret, wanda shi ne babban abincin fatar cikin hanjin kanta. A 2007 masu bincike a cibiyar Rowett da ke Aberdeen a Sikotlan suka sa masu ƙiba a kan abinci mai ƙarancin kabohaidiret sosai, suka ga butiret ya ragu a bayan gidansu, bakteriyar da ke samar da shi ma ta ragu. Sannan a 2019 mujallar Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattara bincike na shekaru masu yawa, ya nuna masu cin harza da yawa, daga giram 25 zuwa 29 a yini, sun fi masu cin kaɗan tsira daga ciwon zuciya da ciwon suga da sankarar hanji, da ragin da ya kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Gaskiya ne yawancin harzar da mutanen nan suka ci daga hatsi da wake ta fito, amma wannan ƙarin dalili ne na kada wanda ya bar hatsi ya bar gurbin a buɗe. Tun farko ma a Afirka aka fara lura da abin. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ya ja hankalin duniya a farkon shekarun 1970 cewa mutanen karkara masu cin abinci mai harza ba kasafai ake ganin cututtukan hanji da suka addabi Turawa a cikinsu ba.

In kin ce ke dai a giram 20 na kabohaidiret za ki tsaya, to sai an haɗa da harzar saye. Siliyam, wanda za ki ga an rubuta Psyllium husk a jikin ledarsa, ɓawon irin wani tsiro ne da aka fi nomawa a Indiya, kuma kusan dukkansa harza ce. A kantin magani ana samunsa da sunan Fybogel. Shi ne na fi amincewa da shi, domin yana laushin bayan gida ba tare da cika ciki da iska sosai ba, kuma yana rage mugun kitsen jini, abin da yakan hau wa wasu masu keto saboda yawan man shanu da kitse. Ki fara da ƙaramin cokali ɗaya a cikakken kofin ruwa, ki juya ki shanye nan take kafin ya daskare, ki bi shi da wani kofin. Kada a taɓa afa shi a bushe, yana iya tsayawa a maƙogwaro. Ki raba shi da sauran magungunanki da awa biyu, don yana iya hana su shiga jiki yadda ya kamata. Ki karanta jikin kwalin, wasu masu ɗanɗanon lemo da sukari a ciki. 'Ya'yan chiya kuma babban cokali biyu suna ba da wajen giram 8 zuwa 10, a jiƙa su tukuna su kumbura. Irin filaks sai an niƙa yake amfani, a ajiye garin a firji don mansa yana saurin lalacewa.

Duk wanda za ki ɗauka, kada ki tashi daga giram 5 na harza ki faɗa 30 a rana ɗaya. Ciki zai kumbura, iska ta dame ki, ki ce abin bai karɓe ki ba. Ki ƙara wajen giram 5, ki ba shi kwana huɗu ko biyar, sannan ki sake ƙarawa. Cikin mako uku zuwa huɗu kin isa. Ki riƙa ɗan tattaki bayan cin abinci, kuma in hanji ya motsa bayan karin kumallo, wanda shi ne lokacin da ya fi motsi, kada ki danne don kina sauri. In masan zama kike amfani da shi, ki ɗora ƙafafu a kan 'yar kujera gwiwa ta ɗago sama da ƙugu, tsuguno ya fi sauƙaƙa fita kuma ya fi tausaya wa basir.

Filasko da shayin rage tumbi da ake tallatawa, ina roƙonki kada ki mayar da su abin kullum. Yawancin irin wannan shayin ganyen filasko ne a ciki, yana tsokanar hanji ya murɗa, ya fitar da ruwa da gishirin jiki, ga shi keto ya riga ya rage miki su.

Ba ki ce kina shan magani ba, amma tun da wasu za su karanta: mai shan insulin ko glibenclamide kada ya yanke sitaci sai likita ya daidaita masa magani, sukari na iya faɗuwa warwas. Mai shan magungunan suga empagliflozin ko dapagliflozin, haɗa su da keto yana iya jawo tsamin jini mai haɗari ko da sukari bai hau ba. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya ƙara ganye farat ɗaya bai sanar ba, domin bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda kuma, fiya da ganye da yawa suna ɗauke da fotasiyam da ƙodarsa ba lallai ta iya fitarwa ba. Mai ciki da mai shayarwa su bar keto sai da izinin likita.

Ke kuma Hajiya, akwai abu ɗaya da ba zan bari ya wuce ba. A shekarunki, in kin ga jini a bayan gida, kada ki yanke wa kanki hukuncin cewa basir ne kawai, ki bari a duba. Haka in bayan gidan ya koma baƙi ƙirin, ko ciwon ciki mai tsanani da amai ya zo har iska ta daina fita, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar. In kuma kin yi wata guda kina cin miyar nan da shan ruwa yadda na faɗa amma ciki bai saki ba, ki koma wurin likitan da ya auna miki sukari, ki tafi da duk magungunan da kike sha, har da na ƙarin jini in akwai, domin shi ma yana ɗaure ciki, a kuma duba miki aikin thyroid, ƙwayar nan ta wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo.